Kuɗin Inuwa

Da zan gina ɗakin nan a Rumde Ajiya
na ce wa magini ya buɗe tagogi manya,
irin na gidan likitan nan na hanyar gada.
Shekara ashirin ina haya
a ɗaki mai taga kamar tafin hannu,
na ƙoshi da duhu.
Ya ce, Malam, Garwa ce fa.
Na ce, kuɗinka ne ko nawa?

Watan Maris ya zo ya ba shi gaskiya.
Daga azahar rana ke shigowa babu sallama,
ta hau gado, ta zauna kan buzun salla,
ta lashe jan labule har ya koma kalar kunu.
Randa ta daina sanyi.
Hajjo, da aka yi wa aikin ido bara,
yini take fuska ga bango
kamar mai gaba da ni.

Sai aka turo mini Sali.
Ya zo kan babur, naɗin leda ɗaure a baya,
ya ja abin awo, ya sake shi ya koma gidansa da ƙara,
ya rubuta a bayan kwalin shayi.
Taga biyar, mita tara da rabi.
Leda uku ce, in ji shi.
Ta Dubai jaka tara mita, ba ta kumbura.
Ta Legas jaka shida.
Akwai ta uku da rabi,
amma in ta yi ƙuraje bayan damina kada ka neme ni.
Kuɗin hannu daban.

Na lasafta da yatsu, na sake da waya,
lissafi bai ji tausayina ba.
Ta Dubai ta kai buhun masara huɗu.

Na ce, Sali, inuwa ce fa.
Ubana bai taɓa sayen inuwa ba,
darbejiya ya dasa, ya raine ta da ruwan alwala.
Ya ce, to ina taka darbejiyar?
Na duba ƙasa.
Ni na sa aka sare ta don wurin ajiye mota,
motar da har yau tana Duwala a hannun masu ita.

Muka shirya kan tagogin yamma biyu, ta Legas,
jaka ashirin da bakwai har da hannu.
Ya fesa ruwan sabulu, ya shimfiɗa,
ya kori kumfa da guntun roba, ya bi gefe da reza.
Ɗaki ya yi la'asar alhali ana azahar.
Hajjo ta juyo daga bango.
Ta ce, ashe haka labulen nan ya mutu?

Akwai kuɗin da bai rubuta a kwalin ba.
Bawuro, in zai wuce masallaci,
yakan ɗaga mini hannu ta taga.
Yanzu sai ya tsaya,
ya ga wani tsoho da hula a karkace,
ya gyara masa hular, ya wuce.
Ni ina ciki, hannuna a sama.
Mai tallar gyaɗa a nan take duba kwallinta.
Zakaran maƙwabta ya samu abokin faɗa a kan dakali.
Da dare kuwa, in an kawo wuta muka kunna ƙwai,
abin juyewa yake,
unguwa na ƙirga lomar tuwonmu,
mu kanmu kaɗai muke gani.

Sali ya bugo jiya, wai sauran ukun fa?
Na ce sai an sayar da auduga.
Ba ni da gonar auduga.

Da safe na sauka bakin Binuwai
na sayo ɗiyar darbejiya a leda, dala ɗari,
na haƙa mata daidai inda motar za ta tsaya.
Hajjo ta leƙo, ta kare ido da hannu,
ta ce, kai da wa za ku sha wannan inuwar?
Na ce, miƙo mini butar.