Igiyar Tankari

Shekara uku na riƙe wa Tankari bakin igiya
kafin ya bar ni in buɗe nawa bakin.
Daga Bilbis zuwa Kuwet, a ƙasa,
shi gaba, ni baya da butar shayi
da jakar takardun da ban iya karantawa ba.

Yakan ce, Shibkau, fili ba rago ba ne
da za ka taɓa ƙugu ka yanka kuɗi.
Zo cikin Agusta, bayan ruwa ya ɗauke,
ka ji inda kwaɗi ke taron suna.
Nemi turakun siminti huɗu.
In uku ka gani, wani ya tuge na huɗu,
kuma yana da dalili.
Tambayi mai gonar da, tambayi ƙannensa,
kada ka manta wadda ke aure a Illela:
gadon da ba a raba ba wutar ƙaiƙayi ne.

Makon da ƙafa ta kwantar da shi
aka kira daga Abijan.
Nomau, mai tura baro a kasuwar Ajame,
shekara tara yana ɗora jaka kan jaka.
Na aika masa hoto: fili shimfiɗe kamar tabarma,
aduwa guda a kusurwa.
Rani ne. Ban tambayi kowa komai ba.
La'adata ta sayi babur.

Damina ta zo ta karanta takardar da kyau.
Ɗaki biyun da ya ɗora
suka narke kamar sukari a tafasa ta uku.
Bai zage ni ba. A waya ya ce,
"Ka je wurin da ƙafarka?"
Na ce na je.
"Da idonka fa?"

Tankari ya sa na sayar da babur.
Bai isa ba. Har yau ina biya, wata-wata.

Bana aka kira mu horo, mu ashirin da bakwai,
ɗaki mai fanka ɗaya, bencin 'yan lakwal.
Barira, sa'ar 'yata, da alli a hannu:
wannan layi hanya ce, ko ba a share ta ba;
wannan kore filin asibiti ne, ba na sayarwa ba;
ga hatimin ofis, ga wanda aka sassaƙa bayan tasha.
Wani ya ce, mu da muka sayar da rabin Tawa
yau za a koya wa?
Ni na yi shiru, ina jan biro kamar mai jan galma.

Ranar jarrabawa ta ce, me za ka fara yi?
Na ce, in jira ruwa.
Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba,
ta rubuta shi a allo.

Tankari bai ga takardar ba.
Na rataye ta ƙusa ɗaya da igiyarsa.
Jiya na shimfiɗa igiyar kusa da mitar Barira:
ta gaza da taki guda.
Sai na tuna duk awo, in mun kai ƙarshe,
yakan ɗan ƙara gaba kafin ya kafa turke.
Ni na ɗauka ɗingishi ne.