Kanti Ba Mai Tsaro

A makarantarmu ta kwana, can kan tsaunukan Nilgiri,
inda hazo ke kwana a gonakin shayi,
akwai wani kanti ba mai tsaro:
tebur ne kawai, da fensira, da sabulu,
da gwangwanin da ake jefa kuɗi.

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya
na ɗauki fensir, na kaɗa gwangwanin
don ya yi ƙara kamar na jefa.
Ba wanda ya gani sai biri a kan katanga.

Ran Asabar Thamarai ce da lissafi.
Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa,
rupi biyar sun yi ɓatan dabo.
Ina bakin taga ina shara
na ga ta laluba aljihunta,
ta cika da kuɗin alewar da kakarta ta aiko,
ta rubuta: ya cika.

Daren nan ban rintsa ba.
Ashe fensir yakan fi turmi nauyi.

Da safe, a layin wanke kwanuka,
maza da mata, famfo ɗaya,
na miƙa mata kuɗin, hannuna duk kumfa.
Ta ce, "Ba ni ke binka ba. Kai wa gwangwani."

Malam Ilango ya koya mana lissafi,
da tatsar saniya, da shirun minti goma kafin karatu.
Wannan darasin kuwa babu shi a jadawali.

Yau ni akawu ne a Coimbatore.
Guntun fensirin yana aljihun teburina,
ban ƙara fere shi ba.