Benci Biyu a Agege

A bakin layin dogo, Agege,
inda jirgi ke girgiza kofuna tun bai iso ba,
Tanimu mai shayi yana da benci biyu.
Ba shi ya raba su ba. Mu muka raba.

Na hagu na masu "ni" ne.
Ni na ci ƙafar saniya a Oshodi,
ni haƙori ya hana ni barci,
ni surukina ya aiko da kilishi, ku shinshina.
Kowa na jiran ɗan'uwansa ya ja numfashi
ya cusa tasa.
Hira kamar danfo da sassafe,
kafaɗa na gugar kafaɗa, kowa da inda za shi.

Na dama namu ne, mu masu ɗaukar kai da nauyi.
Nan ake tambayar yadda albasa
ke baro Aliero da kuɗin riga
ta iso Ikko da kuɗin rago.
Nan Malam Yusha'u ke jefo magana,
in cafe, in juya ta, in mayar masa da gishiri,
ya ce, "Tela, ka kayar da ni,"
ya yi dariya, ya biya mini shayi.
A bencin nan na koyi sauya ra'ayi
ba tare da jin an ture mini hula ba.

Wata uku muna kan kwatar bayan masallaci.
Wa ya toshe ta, laifin wa,
na hukuma ko na masu zubar da leda.
Mun auna, mun yanka, mun ɗinka, mun farke,
ruwa kuwa na nan kwance, kore shar,
yana sauraronmu.

Ran wata Litinin sama ta ɓalle tun la'asar.
Lawandi mai gadi, sarkin bencin hagu,
ya zo da ƙafar wando a naɗe.
Na ce a raina, to, yau kuma ciwon me?
Bai zauna ba.
Ya zaro takarda daga ƙirji, ta jiƙe, ta manne,
ya ce, "Sakamakon Balaraba ne.
Shekara shida ina tsaye a ƙofar wani
saboda wannan.
Ruwan ya bi ta har ƙarƙashin katifa."
Tawada ta gudu. Sunan kaɗai ya saura,
shi ma rabi.

Ba wanda ya cusa tasa.
Har butar Tanimu ta yi tsit.

Asabar, shebur bakwai.
Ni da ban taɓa riƙe abin da ya fi almakashi ba
na kwana da bororo a tafin hannu.

Har yanzu a dama nake zama.
Har yanzu labarin haƙori na gundurata,
kuma zan rantse, bakin da bai iya tambaya ba
kansa kawai yake wa fifita.
Sai dai na ga hujjarmu ta wata uku
tana ta ƙara kamar keken da ba zare,
ƙafa na aiki, yadi na wucewa a banza,
har sai da mutum ɗaya ya ce "ni"
sannan allura ta kama.

Daren jiya na tarar Tanimu ya haɗe bencinan,
wai ƙafar ɗayan ce ta karye.
Na sunkuya na duba.
Lafiyarta ƙalau.