Mai Gadin Ƙofar Baya

A kura aka turo shi daga Sabon Gari,
Jatau na dafe da gefe kamar mai rakiyar majinyaci.
Akwatin gem ne, tsayinsa ya kai kafaɗata,
jiragen da aka zana a jikinsa sun koɗe,
zanzaro ya yi gini a ramin jefa sule.
Ya ce, "Na babanmu ne, a bakin sinima yake kafa shi.
Shekara talatin rabonsa da wuta."

Na jona shi a shagona na Tudun Wada. Shiru.
Na leƙa waje, fankar Audi mai aski na juyawa,
yau dai NEPA ba ta da laifi.
Na zare filogi, na kakkaɓe mita.

Noti huɗu a ƙofar baya, ɗaya ya kafe,
sai da ya sha baƙin mai ya yarda ya fita.

Ciki warin tsohon katako da kashin ɓera.
Fis na fara dubawa: wani gwani
ya naɗe shi da takardar azurfar kwalin sigari,
gyaran gangar Auzinawa.
Na sa sabo, na mayar da filogi,
hannun hagu a aljihu, na dama na bin waya
kamar mai bin sawun akuyar da ta ɓata.

Baƙa, fara, koriya.
Ɗari biyu da ashirin ta shiga taransifoma,
ɗari da goma ta fito lafiya lau,
ta gaida makunnin sama, ta gangaro,
sai nan bakin ƙofa, gun wani ɗan farin maɓalli
da bai fi ƙwayar gurjiya ba,
allurar mita ta kwanta.

Na san shi. Malam Barau na Ƙofar Doka ya nuna min irinsa
ranar da ya make min hannu a bayan talabijin:
"Wannan mai gadi ne, yaro. Ƙofa na rufe, ya ba da hanya,
an ɗaga ƙofa, ya datse."
Na ja kansa waje yadda masu gyara ke yi, bai amsa ba.
Tsatsa ta cinye masa ƙafa ɗaya,
wayar na lilo, ba abin da ke riƙe da ita.

Jatau ya ce, "Oga, murɗe wayoyin biyu mana,
ka tsallake shi, wa zai sani?"
'Yarsa Ladidi na bayana, wuya a miƙe,
yatsanta na ƙaiƙayin taɓa jar wayar bayan gilashi.
Na nuna masa tabon babban yatsana.
Kwalbar nan mai riƙo ce, Jatau,
ka zare filogi yau, jibi ta rama,
ba ta yafewa, ba ta manta.

Koriyar ma an yanke an cusa a lungu,
ita da ke raka ɓatacciyar wuta zuwa ƙasa.
Da ya tashi a haka, ƙarfen ƙofar kuɗi
shi zai fara gaisawa da hannun yarinya.
Na kashe soket, na kankare, na narka dalma,
hayaƙi ya cika min ido, na ɗaure ta.

Ana kiran la'asar na mayar da ƙofa. Ƙyas.
Gurnani ƙasa-ƙasa, sai warin ƙura mai ɗumi,
gilashi ya yi tari, taurari suka fito jere.
Babu sule a Zariya yanzu ko na magani,
na taɓa masa zaren kuɗi da farce, ya ɗauka an biya.
Jatau bai kama sanda ba, ya tsaya yana neman
haruffa ukun babansa a jerin gwanaye, babu.
Ladidi ta ja kwalin batir ta taka,
ta harbo jirgi biyu, na uku ya harbe ta.