Ɓera Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Ƙarfe biyar motar Umlazi ke sauke ni,
teku bai gama wanke fuska ba,
jiragen dakon kaya sun yi layi a bakin Durban
kamar masu jiran likita.
Ƙofa uku nake wucewa.
A ta farko in ajiye sunana, Khethiwe,
a ta biyu takalmina,
a ta uku in ɗaura takunkumi, safar hannu biyu-biyu.
Ko iskar ɗakin nan ba ta fita sai an tace ta.

Ga su nan, keji arba'in.
Farare fat, idanu jajir.
An haife su ba garkuwa, tsirara gaban kowace cuta,
sai muka ara musu tamu:
ɗigon jinin cibiyar jariri
ya sauka a ɓargonsu, ya yi gida.
Yau jinin mutum ke yawo
a jikin da bai wuce rabin ƙwai nauyi ba.

Dakta Moonsamy ta taɓa ja ni gaban madubinta.
Ta ce, duba, wannan huhu ne.
Tarin fuka ya shigo, bai yi sallama ba,
fararen ƙwayoyin jini suka taru, kafaɗa da kafaɗa,
suka zagaye shi da ganuwa.
Ba su kashe shi ba, tsare shi suka yi,
yana iya shekara talatin a ciki yana gyangyaɗi.
Na ce, to ƙanjamau fa?
Ta sauya gilashi.
Shi ba ya hawa katanga, in ji ta,
masu gadi yake bi ɗaya bayan ɗaya,
ya kwana a cikinsu, ya sa rigarsu.
Da ɗan gari akan ci gari.
Na ga ganuwar ta zube kamar tsohon gini a damina,
fursunan ya miƙe yana miƙa.

Ban gaya mata ba
na riga na ga wannan ba da madubi ba.
Sakhile, yayana, mai ɗaukar buhun sukari biyu a tashar jirgi,
na ga wuyan rigarsa yana faɗi, shi yana ƙanƙancewa.
Zufar dare ta cinye katifa.
Tarinsa ne agogon gidanmu,
ranar da ya daina, ba wanda ya iya barci.

Ɓera ba ya tari irin namu.
Abin da ya fi ci mini rai ke nan.
Sai dai sikeli ya faɗi abin da ya ɓoye:
jiya giram ashirin da uku,
yau ashirin da ɗaya.
Gashi ya tashi, baya ya lanƙwashe,
ya bar gyaran sheƙarsa.

An hana mu raɗa musu suna.
Lamba ce a kunne, lamba a takarda.
Amma Sha Bakwai, mai ɗan yagaggen kunne,
takan dafa yatsana da hannuwa biyu
kamar mai tambayar farashi.
Ita aka ba sabon maganin tun mako shida.
Nauyinta ya tsaya cak. Jiya har ta ƙara.

Dakta ta ce kada mu yi guɗa tukuna,
huhun ɓera ba huhun mutum ba ne,
abin da ya ci a keji yakan faɗi a asibiti.
Na sani.
Na kuma san Alhamis za a buɗe ƙirjinta,
don amsar tana ciki, ba ta fitowa ta baki.
Ni zan riƙe ta. Na roƙa a bar mini.

Mutane kan ce ɓera ɓarawo ne.
Wannan kam mu muka shiga raminta,
muka ɗora mata kayan da ba nata ba.

Da yamma na cire safar hannu,
na karɓi takalmina, na karɓi sunana.
A mota wata yarinya na tari a bayana,
uwarta na shafa mata baya.
Na buɗe taga kaɗan.
Giram ashirin da huɗu, nake ta maimaitawa,
har muka wuce gadar.