Takalman Dattijo Kwansa

Ni aikina daga idon sawu ne zuwa ƙasa.
Shekara ashirin da ɗaya a gindin dalbejiyar nan ta Narayi,
da basilla, da zare, da gwangwanin gam.
Kafin mutum ya buɗe baki na san inda ya fito.

Ran da suka fara tsayawa, su biyu,
fararen riguna, baƙin allo ɗan mitsitsi a ƙirji,
na ce wa Ɗan'azumi mai shayi ya karanta min.
Ya ce wai dattijo aka rubuta.
Na dubi haɓar yaron, gashi uku bai cika ba.
Na ce, "Sannu da zuwa, dattijo."
Ya yi dariya har jakarsa ta zame.

Daga Gana yake, wani gari a bakin teku.
Kwansa sunan gidansu ne,
nasa na yanka ya bar shi can tare da takalmin ƙwallo
sai bayan shekara biyu.
Na biyun ɗan Kwango ne, Mbuyi, ba ya son magana.
Ba a ganin ɗaya ban da ɗaya,
kamar yadda ba a kawo min ƙafar hagu
a bar ta dama a gida.

Na juya takalmin.
Jar lakar Unguwar Romi, baƙin man Kakuri,
ƙusa guda daga Sabon Tasha,
dunduniya ta cinye ta gefe.
"Ƙofa nawa yau?"
"Talatin," in ji shi, da Hausarsa mai ɗingishi.
"Nawa aka buɗe?"
Ya ɗaga yatsa biyu, ya lanƙwashe ɗaya.
Wannan, in ji shi, kare ne ya fito.

Na saya masa shayi, ya ƙi.
Ba raini ba ne, cocinsu ya hana.
Ɗan'azumi ya yi sati yana fushi,
sannan ya koma dama masa madara zalla.

Sau ɗaya ya miƙo min littafinsu.
Na ce ina da hanyata, kuma boko bai san ni ba.
Ya mayar cikin jaka, bai ɓata rai ba.
Aka kira la'asar, na bar masa akwatina.
Na dawo na tarar ya goge wa wani ɗan acaɓa takalmi,
kuɗin na ƙarƙashin gwangwani,
baƙin fenti a bakin hannun farar rigar.

Litinin ce ranar kiran gida.
Wata Talata ya zo ya zauna bisa benci,
safa ɗaya a huje, bai gaishe ni ba.
Mbuyi ne ya ce kakarsa ce, wadda ta goye shi.
"Yaushe za ka tafi?"
"Saura wata tara."
Ban gane ba. Har yau ban gane ba.
Amma ina da Sadau a Kwatano, damina uku ke nan,
kuma ban san wanda ke duba masa ƙafa ba.
Na ninka zaren sau biyu.
Na ɗinka har inda bai yage ba.
Ya ciro kuɗi, na yi kamar ina neman almakashi.

Sai takarda ta zo, an mayar da shi Jos.
Haka suke, ba a tambayar su.
Ya bar min tsofaffin, ya ce sun fi ƙarfin gyara.
Ƙarya ne. Na gyara su.
Suna rataye a ƙusar dalbejiya,
kullum sai wani ya taya, in ce masu shi na zuwa.

Jiya Mbuyi ya wuce da sabon yaro,
takalmi na walƙiya, ƙasansa sumul kamar faranti.
Hadari na haɗowa ta gabas.
Na daga masa hannu,
na jawo gwangwanin gam kusa.