Awakin Modi

Na ce su zana da'ira ɗaya tak,
ja, a tsakiyar fuskar kwamfuta.
Su sittin da huɗu, injuna sha tara,
fanka tana juya zafin Dundaye
kamar mai tuƙin tuwon da hannunta ya mutu.

Mako uku ina nanatawa:
aji ba ɗakin nan kaɗai ba ne,
aji siffa ce, abu kuwa ɗanta.
Hannuwa suna rubutawa,
idanu ba su karɓa ba.

Sai Hajo, ɗiyar baduku, ta ce:
"Malam, ai kwalin babana ne,
wanda shika ɗorawa bisa fata shi yanka.
Ba a sa kwali a ƙafa,
amma kowane takalmi daga jikinai ya fito."
Na rufe littafina a hankali.

Modi bai zana da'ira ba.
Akuya ya yi, ja jawur irin tamu,
ya ba ta ƙaho, ya ba ta gudu,
ya ce ta haifu sau arba'in.
Ɗan taure ya gaji uwa tasa,
ya ƙara gemu nasa na kansa;
darasin gādon da na ajiye wa mako mai zuwa
ya shigo bai yi sallama ba.

Ya danna. Garke ya tashi gaba ɗaya,
suka bi dama, suka fice daga allo,
ko waiwaye babu.
Wani daga baya ya ce a tare su Kwalkwalawa
kafin su sha ruwa.
Dariya ta kusa kada benci.

"To, kira su," in ji ni.
Ya ce ba makiyayi a ciki.
Na ce ba a buƙatarsa:
koya wa uwar inda iyaka take,
kowace za ta zo duniya da igiyarta.

Layi uku ya ƙara.
Ta farko ta kai bango, ta juyo.
Ta biyu ma.
Muna ƙirga ta sha ɗaya
aka ɗauke wuta.

Bai adana ba.
Ya zauna yana kallon baƙin gilashi,
sannan ya yagi takarda a littafin Hajo,
ya fara da uwar.
Sauran, in ji shi, sun san hanya.